Kafin ka sauya konbatar giyar mota a zafin Saudiyya

Duk wanda ya ƙara wa Caprice ko Camaro ko Mustang ƙarfi a Jidda, ba a jimawa wani a sana'iyya, wato unguwar makanikai, zai ce masa, "Malam, saura konbata." Wani lokacin gaskiya ce, wani lokacin kuma neman ciniki ne.

Konbata ita ce ƙullin ƙarfen da ke tsakanin inji da giya otomatik. Da man giya take miƙa ƙarfin inji, kuma wajen tashi tana iya ninka shi kusan sau 2. Abin da ake ciniki a kansa shi ne sitol, wato iyakar juyin da inji zai kai kafin konbata ta riƙe shi. Ta kamfani yawanci ba ta wuce wajen 2,000 a minti. Idan injinka yana nan yadda ya fito, ko salansa kawai ka sauya, bar ta. Ita ce mafi ƙarancin zafi da shan fetur.

Mai sitol 2,800 zuwa 3,200 ita nake ba yawancin mutanenmu shawara, musamman wanda ya sa babban kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) a injin LS na kamfanin GM. Irin wannan kam ɗin ba ya da ƙarfi a ƙasa, sai inji ya hau. Da konbatar kamfani, za ka ga mota tana fizga a danja kana danne da birki, in ka saki kuma ta tashi a kasalance. Matsakaiciyar konbata tana barin inji ya shiga inda ƙarfinsa yake, kuma ba ta hana ka kai yara makaranta. Mai 3,600 zuwa sama kuwa ta filin tsere ce, irin na Dirab da ke wajen Riyad. A cunkoson Titin Madina na Jidda da la'asar, za ka taka totur, inji ya yi ta kuka, mota na jan ƙafa, ƙarfin da ya ɓace duk ya koma zafi a cikin mai.

Zafin nan shi ne maganar. Man giya ya fi son digiri 80 zuwa 95. In ya riƙa haura 120, yana ƙonewa, faifan kuloci su bi shi. To ka haɗa da bazarar da ke wuce digiri 45 a Makka, ga hawan dutsen Hada in za ka Ɗa'if da iyali cike da mota. Don haka kuɗin ƙarin lagireton man giya, da agogon da zai nuna maka zafinsa, suna cikin kuɗin konbata tun farko. Wanda aljihunsa bai kai duka ba, gara ya dakata.

Sai kulocin cikin konbata, wanda ke kulle inji da giya a doguwar hanya. Mai faifai 1 ya ishi motar yau da kullum. Mai faifai 3 da murfin da aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe na mai turbo ne ko sufacaja (na'urorin da ke tura wa inji ƙarin iska), wanda zai kulle yana kan cikakken totur. Ya fi tsada, kuma kamunsa na iya zuwa da ɗan kaushi. Kamfanoni irin su Circle D da Yank da FTI suna tambayar lambobin kam, nauyin mota da girman taya kafin su haɗa maka. Mai sayarwar da bai tambaye ka komai ba, ka yi hattara da shi. Ta tashlihi kuwa, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, araha ba ta ado: a walde take, ba ka ganin cikinta, kuma garin ƙarfen tsohuwar giya na iya maƙale a ciki. In daga Amurka za ka yi oda, lissafa kuɗin jigila da harajin kashi 15.

Ita ma giyar a duba ta. Tsohuwar giya samfurin 4L60E ba ta jure ƙarfi kamar 4L80E, kuma sabuwar konbata ba ta gyara giyar da ta riga ta fara zamewa. Su 6L80 da 10R80 da ZF 8HP kwamfuta ke tafiyar da su, dole a sake saita lokacin kullewar kuloci, in ba haka ba mota ta dinga karkarwa a kan hanya.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a gareji. A wanke bututan mai, a zuba kamar lita 1 a cikin konbata, a juya ta har ta zauna sosai a kan famfon giya. Kafin a ɗaure kusoshi, ratar da ke tsakaninta da farantin inji ta kasance milimita 3 zuwa 5. In makanike ya matse ta da ƙarfi ba rata, famfon giya zai fashe tun a kunnawar farko.