Hattara da mai tallan sule mai huji a Kumasi

Jama'ar Aboabo, Asawase da Alabar, ku yi hattara. Akwai wani matashi da ke yawo da tsofaffin kuɗin zamanin Turawa a cikin gwangwanin alewa, yana kuma tura hotunansu ta WhatsApp. Kawuna ya faɗa hannunsa makon jiya, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Wani tsohon sule ya nuna masa, mai hoton bishiyar kwakwar manja, da ɗan huji kusa da baki. Wai harsashi ne ya huda shi a yaƙin Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci Asante suka yaƙi Turawan Ingila, wai masu tara tsofaffin kuɗi suna neman irinsa ruwa a jallo, har akwai Bature a Accra da zai saya ninki goma. Kawu ya tura masa kuɗin da yake tarawa na gyaran rufin ɗaki ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Tun ranar lambar a kashe take.

Na ɗauki sulen na kai wa wani dattijo maƙerin fari. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, karanta mini shekarar." Na karanta, 1938. An yi yaƙin nan a 1900, irin wannan sulen kuwa sai 1913 aka fara buga shi. Ta ina harsashin ya same shi?

Sannan ya sa na shafa bakin hujin da yatsa. Gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen ƙarfen ya taso yana kartar fata, cikin ramin kuma sai ƙyalli yake yi alhali jikin sulen ya dafe da tsufa. Ya ce aikin injin huda ne, bai daɗe ba. Da harsashi ne, da ya lanƙwasa sulen ya yage shi. Da kuma hujin kakanninmu ne, irin wanda ake yi don a rataya wa yaro a wuya ko a ƙugu, da zaren ya ci bakin ya sulɓe, ramin ya ɗan ja sama, cikinsa ya yi duhu kamar sauran jikin.

Kuɗin da aka bugo da hujinsu tun daga Ingila su ne kwabo, ɗari (rabin kwabo) da anini. Nasu a tsakiya yake cif, kambin sarauta a samansa, tauraro mai tsini shida ya kewaye shi ta baya, bai ci harafi ko ɗaya ba. Na Kawu ya cinye rabin harafi a sunan sarki. Sule ba a buga shi da huji, kuma wurin masu tara kuɗi huda shi rage masa daraja yake yi.

Na ji yanzu yana tallan kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, yana cewa ba a samunsa tunda sarkin bai shekara a kan gado ba. Sarkin ya sauka da wuri, wannan gaskiya ne, amma kwabon miliyoyi aka buga.

Don Allah ku gaya wa iyayenmu, su yake bi bayan sallar La'asar. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da lambar da aka tura kuɗin. Duk wanda ya zo wa da gwangwanin nan, kada ya tura ko sidi ɗaya, ya sanar da su.