Masu feshin gida a Damagaram: aikinsu a kan gizo-gizo da tautau ya biya kuɗinsa?

Daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu ne kasuwar masu feshi take buɗewa a Damagaram. Ƙwari sun yi yawa, gizo-gizo ya ci ya ƙoshi ya hayayyafa, sai hazo ya zo ya lulluɓe yanarsa da ƙura, abin da ido bai gani ba a da ya fito ɓaro-ɓaro a kusurwar ɗaki da ƙarƙashin azara. A lokacin ne za ka ga samari da famfon feshi a goye suna sallama gida-gida, daga Birni har Zango da Sabon Gari. Wannan aikin nasu muka auna, a kan gizo-gizo kaɗai. Kyankyaso da kuɗin cizo maganarsu daban ce.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, mafi yawan feshin da ake yi wa gizo-gizo asarar kuɗi ne, wani ma har da cutar da mutanen gida. Akwai ƴan ƙalilan masu aiki da sani, kuma ana gane su tun kafin su buɗe bakin famfo.

Ga yadda aikin gama-gari yake tafiya. Mai feshi ya zo da kwalba marar takarda, ko wadda rubutunta ya goge, ya tsiyaya a murfi da ƙiyasin ido, ya cika famfo da ruwa, ya bi ɗaki yana watsawa sama da ƙasa har iska ta yi nauyi. Wari ya turnuƙe, uwar gida ta ga gizo-gizo biyu-uku sun faɗo sun naɗe ƙafafu, hankalinta ya kwanta. Sau da yawa abin da ke cikin kwalbar nan diklorbos ne, wato DDVP, sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi. Yana kashe abin da ya tarar nan take saboda tururinsa, amma tururin nan shi ne kuma rauninsa: cikin ƴan kwanaki ya tashi ya bar bango fayau. Ga shi yana shiga jikin mutum ta numfashi da ta fata. Alamominsa sanannu ne ga ma'aikatan lafiya: dalalar miyau, hawaye, amai, zawo, ƙanƙancewar baƙin ido, numfashi da kyar. Wanda aka ga haka a jikinsa bayan feshi, a cire masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a kai shi likita tare da kwalbar, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. Ɗakin da jariri ko mai asma ke kwana bai kamata wannan magani ya shige shi ba ko da kyauta ne.

Ko da magani mai kyau ne, gizo-gizo ba ya kamuwa yadda kyankyaso ke kamuwa. Kyankyaso yana jan ciki a ƙasa, ya bi lungu, ya kwashi magani a jikinsa. Gizo-gizo kuwa a kan tsinin ƙafafunsa takwas yake tafiya, cikinsa a ɗage, abin da yake taɓawa na bango kaɗan ne ƙwarai. Mai saƙa ma ya fi haka: yana iya yin kwanaki a rataye a yanarsa bai sauka bango ba. Saboda haka maganin da ya bushe a bango ba ya yi masa abin kirki, sai dai in ruwan ya same shi kai tsaye.

Sannan ga jakar ƙwai. Macen tana naɗe ƙwanta cikin saƙa mai kauri, ƙullin bai wuce girman ƙwayar wake ko gujiya ba, kuma ruwan feshi ba ya ratsa shi sosai. A wasu nau'o'in jaka ɗaya tana ɗauke da ƙwai fiye da 100. Bayan sati biyu zuwa uku sai su ƙyanƙyashe, mai gida ya ce ai maganin jabu aka zuba masa. Wani lokacin maganin na gaske ne, jakar ce aka bari a bayan hoto ko ƙarƙashin gado.

Shi ya sa mai feshin da ya san aikinsa da tsintsiya yake farawa. A ɗaura tsintsiya a bakin doguwar gora, a fara daga sama, a riƙa murɗa ta yadda yanar za ta naɗu maimakon ta zubo. A janye gado da kabad daga bango, a juya kujeru a duba ƙasansu, a sauke kwallaye da kwanukan jere. Duk jakar ƙwan da aka samu a murƙushe ta ko a jefa a wuta, don in aka share ta zuwa tsakar gida kawai an sauya mata ɗaki ne. A gidan ƙasa a toshe tsagar bango da yaɓe, a kula da inda azara ta shiga gini, nan ne maɓoyarsu. Wannan kaɗai ya ɗauke mafi yawan aikin. Mai feshin da ya shigo bai ɗaga kai ya dubi rufi ba, bai ce a fitar da komai ba, a sallame shi tun a zaure.

In har za a yi feshin, akwai ƙa'idar da masu yaƙi da sauro suke bi, kuma da ita muke auna kowa. Bakin famfo ya zama mai fitar da ruwa a baje kamar mafici, ba mai tsartuwa ba. Tsakaninsa da bango santimita 45, hakan yana ba da faɗin kusan santimita 75 a kowane zubi, zubi na biyu ya hau kan na farko da santimita 5. Kowane murabba'in mita yana shan kusan mililita 40, wato lita 10 ta isa murabba'in mita 250. Ɗaki mai mita 4 a kan 4, tsayinsa mita 3, bangonsa da rufinsa sun kama murabba'in mita 64, wajen lita biyu da rabi ke nan. Wanda ya juye famfo mai lita 16 a ɗaki biyu, har ruwa yana gangarowa a bango, ya yi ɓarna ne, ba ƙwazo ba. Don gizo-gizo ma ba a bukatar a jiƙa bango duka: kusurwoyi, mahaɗar bango da rufi, kewayen taga da ƙofa, da gindin gini ta waje sun wadatar.

Maganin da ya dace shi ne dangin deltametirin ko lamda-sihalotirin, wanda yake cikin mazubinsa na asali, da takardarsa, da ranar lalacewa, da lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, CSP. Awon da ke jikin takarda shi za a bi. Misali, garin lamda-sihalotirin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ƙullin giram 62.5 ake damawa a lita 10. Ƙara awo ba ya ƙara kisa, ƙaiƙayin fuska da atishawa yake ƙarawa.

Akwai abin da masu feshi da yawa ba su sani ba game da gine-ginenmu. Bangon ƙasa irin na tsofaffin gidajen Birni yana shanye maganin ruwa mai maiƙo kamar yadda rairayi ke shanye ruwa, ya shige ciki ya bar saman bango babu komai. Irin wannan bango maganin gari ake yi masa, wanda ake damawa, domin ƙwayoyinsa suna tsayawa a sama; sai dai dole a riƙa girgiza famfon a kai a kai, in ba haka ba garin ya kwanta, wani ɗaki ya sha ruwa zalla wani ya sha kauri. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa kwanan nan kuma yana karya ƙarfin maganin da wuri. Wanda zai yi shafe, ya yi shafensa ya bushe sarai tukuna. A takarda ana cewa irin wannan magani yana kai wata uku zuwa shida, amma a bangon waje da ke shan ranar bazarar Damagaram da ƙurar hunturu, kada a sa rai da hakan.

Kafin a fara, a fitar da abinci, tulu da randa, kwanuka, shimfiɗa da kayan wasan yara. A garin da ake sayen ruwa bido-bido, ba wanda zai so zubar da randa guda, don haka a fitar da ita ko a ɗaure bakinta da leda tun da wuri. A kore kaji da kyanwa, domin kyanwa ba ta jure wannan dangin magani. Mai feshi ya sa takunkumi, safar hannu, riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe. Bayan an gama a bar ɗaki a rufe awa biyu, a buɗe tagogi rabin awa, a share matattun ƙwari a binne kada kaji su tsince. Ruwan wankin famfo kada ya nufi rijiya ko kwatar da dabbobi ke sha.

To amma wane ne ake kashewa? Masana sun ƙirga nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, waɗanda dafinsu ke kwantar da mutum ƴan kaɗan ne. Mai dogayen ƙafafu sirara da ke rataye a kusurwa, wanda in ka taɓa yanarsa sai ya hau karkarwa har ya ɓace wa ido, sauro da ƙananan ƙwari yake ci, macensa kuma a baki take riƙe ƙwanta. Ɗan ƙaramin nan mai tsalle a bakin taga, da manyan idanu biyu a gaba, yana juyowa ya dube ka sosai, ya laɓaɓa wa ƙuda kamar kyanwa, ya ɗaura zare a bayansa kafin ya daka tsalle. Wanda ya tsaya ya kalle shi minti ɗaya da wuya ya so a fesa masa guba. Babban nan mai faɗi da ke manne a bango da dare, wanda ake ce wa tautau, gudunsa ne ke razana mutane, alhali farautar kyankyaso da asu ta fito da shi. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya yana cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara.

Tautau kuwa an ɗora masa laifin da yawancinsa ba nasa ba ne. Mutum ya tashi da safe ya ga wuyansa ya yi bororo, sai a ce tautau ya bi ta kansa. A damina, sau da yawa hangara ce ta zo wurin fitila aka murƙushe ta a fata, ruwan jikinta ya ƙona wurin. Ƙurajen da suka jeru a ɓari ɗaya na jiki kamar ɗamara, da zafi kamar wuta, galibi ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta daɗe a kwance a jijiya ta farka, kuma maganinta ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku. Mai feshin da ya ce zai raba gida da wannan ciwo yana sayar da abin da ba shi da shi, mai ciwon kuma ya yi jinkirin zuwa likita. Haka ma halittar nan mai launin rairayi da ke sheƙa gudu wurin fitila a daren bazara, da manyan muƙamuƙai: ƴar uwar gizo-gizo da kunama ce, tana cizo in an matsa mata, amma ba ta da dafi.

Abin lura ne yadda muke da gizo a zuciya biyu. Yaron da ya kwanta da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yana dariyar wayonsa, shi ne zai kurma ihu in ya gan shi a bango. Sura ta 29 a Alƙur'ani sunansa take ɗauke da shi, masu tarihin Hijira suna ba da labarin saƙarsa a bakin kogo, bakan da ke fitowa bayan ruwa ma nasa ne, yau kuma intanet ɗin da kake karanta wannan a kai yanar gizo muke ce mata. Akwai tsofaffin da har gobe ba sa yarda a kashe shi a gabansu, kuma a kan na kusurwar ɗaki muna tare da su.

Inda muke ganin feshi ya cancanci kuɗinsa wuri ɗaya ne. Akwai wani gizo-gizo mai ƙullin ciki kamar ƙwayar wake, ruwan ƙasa-ƙasa, da tambari ruwan lemo a ƙarƙashin cikinsa mai kama da turmi. Yanarsa a hargitse take, tana da ƙarfi in ka ja ta da tsinke, kuma kusa da ƙasa yake yin ta: ƙarƙashin kujerar roba, cikin tsohuwar taya, bakin bokiti, akurkin kaji, lungun ban-ɗaki. Babbar shaidarsa jakar ƙwansa ce, farar ƙwallo mai ƙayoyi kamar ƙarangiya. Ba ya neman mutum, amma in hannu ya matse shi yana cizo, cizon kuma yana iya kawo zafi mai tsanani, zufa da murɗawar tsoka, musamman ga yaro. In an ga irin wannan jaka inda yara ke wasa, a sa safar hannu a murƙushe, a fesa wa wurin kai tsaye, a kwashe tarkacen da ya ba shi mafaka. Wanda aka ciza a wanke wurin da sabulu, a ɗora sanyi, kada a tsaga kada a ɗaure. In ciwo ya fara hawa zuwa ciki ko baya, a nufi asibiti.

Wajen ciniki, a yi shi a kan zuwa biyu, na biyun bayan sati uku don ƙananan da suka ƙyanƙyashe, kuma a riƙe wani abu daga kuɗin sai an dawo. A ce wa mai feshi: "Malam, nuna mini kwalbar da takardarta, kuma a gabana za ka auna." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Fitilar ƙofar gida kuma, wadda ke tara ƙwari duk dare har gizo-gizo ya kafa yana a gefenta, a matsar da ita nesa da ƙofa da taga, ko a sauya ta da mai haske rawaya, sannan a sa tsintsiyar gora ta zaga rufi sau ɗaya a sati.