Na kai talabijin ɗin Baba gyara, bayan ta kusa kai ni lahira

Talabijin ɗin marigayi mahaifinmu Sony Trinitron ce, mai ƙaton ƙeya, wadda sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Samfurin ya fara fitowa a Japan a 1968, tamu kuwa ta shigo gida wajen 1980, 'yan shekaru bayan tashar Benuwai-Filato da ke Jos ta fara watsa shirye-shirye masu kala a 1975. A layinmu kowa baƙi-da-fari gare shi, shi ya sa da magariba falonmu ba masaka tsinke.

Bana na fito da ita daga sito. Ta kama, sai dai hoton ya tsuke, ga wani tabo shuɗi-shuɗi a kusurwa. Karambani ya sa na zare ta daga soket, na kwance bayanta da sukuddireba, a zatona tunda ba wuta ai ba haɗari. Yatsana na taɓa wani ƙarfe kusa da wani kafasita (abin da ke tara wuta a cikin na'ura) mai kama da batirin tocila, sai ji na yi an fizge ni har kafaɗa. Na yi zaman 'yan bori a ƙasa, uwargida na ta salati.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Da na ba shi labari bai yi dariya ba.

"Alhaji, Allah ya rufa maka asiri. Ƙaramin ka taɓa."

Ya ce wannan kafasitan yakan riƙe bolt 300 ko an zare waya. Sannan ya nuna mini wata jar waya mai kauri da ta maƙale da faifan roba a jikin kwalbar talabijin ɗin, wato ƙaton gilashin da ke nuna hoto. Nan wuta kan kai bolt 25,000 idan talabijin mai kala na aiki, kuma kwalbar kan ajiye sauran cajin bayan an kashe. A gabana ya ɗaura waya a sukuddireba, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen da ke kewaye da kwalbar, ya maida hannu ɗaya baya, ya zura a ƙarƙashin robar. Ƙas! Ni da ke tsaye nesa sai da na zabura. Ya kuma hana ni riƙe ta ta wuyan kwalbar, don ba iska a cikinta, in ta fashe gilashi watsuwa yake.

Tabon kuwa laifin yarana ne, da suka jingina mata sifika. Maganaɗisun cikin sifikar ne ya karkatar da kalar. Ya zagaya fuskarta da wani zoben waya yana ja da baya, tabon ya ɓace kamar an share.

Inda ya ba ni haushi, alƙawari. Kwana uku ya ce, sai da na yi sawu huɗu cikin mako biyu, kullum "kayan ne ba a samu ba, Alhaji". Gaskiyarsa ta wani fannin, daga gawar wata talabijin ya ciro su. Rasit ma babu. Amma naira dubu takwas ya karɓa, ya haɗo ni da tsofaffin kafasita ukun da ya cire a leda, dalmarsa kuma tsaf. Wata biyu ke nan tana aiki, na haɗa ta da dikoda, yara na tsokanarta wai kakar firji. Rediyon Baba mai katako na nan a sito, ita ma wurinsa za ta.