Babin Farko: Jerin Girke-girke Ko Rikicin Ranar Girki?

Littattafan soyayya da ake rubutawa a Kano tun shekarun 1980 ba sa rabuwa da kicin, amma hanya biyu marubuta ke bi wajen shigo da abinci a babin farko.

Wata za ta jera maka abin da amarya ta shirya: funkaso da miyar taushe, farfesun kayan ciki, ga zoɓo mai kanumfari. Yawunka zai tsinke. Sai dai ka kai shafi na goma ka san abin da ke cikin kula, ba ka san halin mai girkin ba.

Ɗayar kuwa tuwon dawa kawai za ta ajiye. Ranar girkin uwargida ce, maigida ya shigo ya ce ya ƙoshi, ko murfin kwanon bai ɗaga ba. A ina ya ci? Amarya tana tsakar gida tana wanke faranti biyu, tana 'yar waƙarta. Nan take ka gane wa ake ji da ita, wa ke haɗiye baƙin ciki.

Irin na biyun nake saya. Na farkon kuma, kada ka buɗe shi da azumi kafin magariba.