Kafin ka sayi tausila a Saudiyya: lissafin da ke raba mai kyau da mai ƙonewa

A shagunan abu hamsa, masu sayar da kayan arha, na Makka ko Jidda za ka ga tausila, wato wayar jawo wuta mai soket da yawa, jere kala-kala. Yawancin masu saye ramuka suke ƙirgawa, su ce mai shida ta fi mai huɗu. Alhali ramukan ba su ƙara mata ƙarfi ko kaɗan. Duk wutar ta waya ɗaya da filogi ɗaya take bi, don haka kaurin tagullar da ke cikin wayar shi ne abin dubawa.

Fara da lissafin kayanka. Wat, wato ƙarfin wutar da na'ura ke ci, daidai yake da bolt sau amfiya. Wutar gidajen Saudiyya a sabon tsari bolt 230 ce, filogin ƙasar kuma mai ƙafa uku ne irin na Ingila, da fiyus na amfiya 13 a cikinsa. Ka ninka 230 sau 13, ka sami wat 2,990. Iyakar kenan, ko ramukan goma ne. Butar lantarki ta dafa shayi mai wat 2,200 tana jan amfiya 9.6, dutsen guga mai wat 2,000 yana jan 8.7. Ka haɗa su a tausila ɗaya, sun haura amfiya 18. Ko fiyus na gaskiya ba lallai ya tsinke a amfiya 18 ba. In bai tsinke ba, ko babu shi, wayar ce za ta ɗauki zafin.

Kaurin waya a rubuce yake a jikin robarta, kamar 3×0.75 ko 3×1.5. Lambar farko yawan silin waya ce, ta biyu faɗin tagullar kowane sili a murabba'in milimita. Mai 0.75 ta amfiya 6 ce, kimanin wat 1,380: caja, fanka, talabijin, kwamfuta. Mai 1.0 tana ɗaukar amfiya 10. Sai daga 1.25 zuwa 1.5 ne za ka iya cin amfiya 13 ɗin nan hankali kwance.

Dalili shi ne turjiya, wato yadda waya ke tauye wutar da ke bi ta cikinta, ana auna ta da om. Tagulla mai tsawon mita ɗaya da faɗin murabba'in milimita ɗaya tana da om 0.0175. Tausila mai mita 10 kuwa wutar mita 20 take tafiya, zuwa da dawowa. A waya mai 0.75 turjiyar ta kai om 0.47, a mai 1.5 kuma 0.23. Zafin da ke tashi a waya shi ne amfiya sau amfiya sau om. A amfiya 10, siririyar tana fitar da wat 47 na zafi, mai kaurin wat 23. Ka kai su amfiya 13, siririyar ta tashi 79. Lura da yadda ƙarin amfiya uku kacal ya kusa ninka zafin. Ga kuma bazarar Makka, inda ɗakin ma da zafinsa, balle a ce an bi da wayar ƙarƙashin darduma.

Wannan lissafin ne ke tona asirin ta arha. Wasu wayoyin alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, turjiyarsu ta fi ta tagulla zalla da kusan kashi 60 cikin ɗari, ga saurin karyewa a bakin noti. A hannu za ka ji ba ta da nauyi, in aka kankare sili kuma fari zai bayyana. Wasu kuma robar ce mai kauri, tagullar ciki kamar gashi. Wadda ba a rubuta komai a jikin wayarta ba, bar wa mai shago kayansa.

Mai naɗewa a gammo tana da amfani ga masu aikin gini da masu shago, amma da sharaɗi. A naɗe zafin ba ya samun hanyar fita, shi ya sa ake rubuta mata lamba biyu, ta naɗe da ta warware, kuma ta naɗe kan tsaya wajen sulusin ɗayar. Warware ta duka kafin ka ɗora mata kaya mai nauyi, ka kuma zaɓi mai maɓallin da ke yanke wuta in ta yi zafi.

Ramukan ma a gwada su a shago. Filogi ya shiga da ƙarfi, ya riƙe. Soket irin na "kowa ya zo", mai karɓar ƙafa biyu da ƙafa uku, yakan yi sako-sako. Turjiyar om 0.1 a wurin haɗuwa, a amfiya 13, wat 17 ce a wuri ɗan mitsitsi, kuma ita ce baƙin tabon da ake gani a bakin rami. Nemi mai marufin ramuka saboda yara, mai wayar ƙasa ta gaske, mai alamar inganci ta SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya.

Mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), hitar ruwan wanka da murhun lantarki ba na tausila ba ne, kowace iri. Soket nasu na bango suke so.

Mazauna tsoffin gidaje su kula da wani abu. Tun 2010 gwamnati ta yanke komawa bolt 230, amma har yanzu akwai gidaje masu soket na bolt 127, kuma tausila ba ta canza bolt. Butar nan mai wat 2,200 turjiyarta om 24 ce, a bolt 127 wat 670 kawai za ta bayar, ruwan ya daɗe bai tafasa ba. Akasin haka ne mai haɗari: tsohon dutsen guga na bolt 127 mai wat 1,000, in ya shiga 230, zai ja sama da wat 3,200 ya ƙone nan take. Duba lambar V a gindin na'ura, ka sa mai gyaran wuta ya auna bolt ɗin soket ɗin da na'urar awo kafin ka jona.