Abin Da Ya Kamata Matashi Mai Ciwon Gwiwa Ya Saya

Matashin da ke buga ƙwallo a Birnin Kebbi, ko yake wuni a durƙushe yana dashen shinkafa a fadamar Argungu, da zarar gwiwa ta fara damunsa sai a ce masa amosanin gaɓɓai ne, ya nufi kemis. Alhali irin amosanin da ke cinye guringuntsi ya fi kama waɗanda suka manyanta. A wurin mai shekara 25, galibi targaɗe ne, ko rauni a jijiya, ko ƙashin saman gwiwa da ke gugar abin da ke ƙarƙashinsa saboda raunin naman cinya.

Cikin abubuwan da ke kan kanta, man shafawa mai ɗauke da diclofenac ya fi dacewa a fara da shi, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Ƙwayar ibuprofen ko diclofenac tana rage kumburi, amma tana iya tayar da gyambon ciki, kuma tana wahalar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa, abin da ba baƙo ba ne ga mai aikin rana a zafin watan Afrilu ko mai azumi. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciki, sai dai ba ya taɓa kumburi, kuma bai kamata babba ya wuce giram 4 a rana ba. Man zafi irin su Robb ɗumi kawai yake kawowa.

Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba tare da suna ko lambar NAFDAC ba shi ne mafi haɗari, saboda ana iya cusa dexamethasone, wani magani mai ƙarfi na danne kumburi, a ciki. Mutum zai ji garau cikin kwana biyu, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Glucosamine kuwa, wato ƙwayar da ake sayarwa da sunan gyara guringuntsi, duk da tsadarsa, bincike bai nuna yana da wani amfani mai yawa ba; a ganina kuɗinsa ya fi amfani a sashen fisiyo, inda za a koya wa mutum atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu.

Maɗaurin gwiwa mai roba ya isa ga ciwo mara tsanani. Mai ƙarfe a gefe na wanda gwiwarsa ke gocewa ne, kuma likita ya kamata ya ce a saya.

Hoton X-ray ƙashi yake nunawa, ba jijiya ba, shi ya sa ake neman hoton MRI, mai nuna jijiya da guringuntsi, idan gwiwa tana kullewa ko gocewa. Idan kuma gaɓɓai suna sanƙarewa fiye da minti 30 kowace safiya, gwajin jini ake buƙata. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman ga mai sikila, ba ta mai ɗori ko wanzami ba ce. A kai mai ciwon Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko asibiti mafi kusa a ranar.