Sharhi kan EarthExplorer: hotunan USGS kyauta ne, amma sai an san iyakarsu

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, wadda aka kafa a 1879, tana da shafi mai suna EarthExplorer inda take raba hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat. Tun 2008 ta daina karɓar kuɗi a kansu. Bayan dogon amfani da shi wajen zaɓen wurin rijiyar burtsatse da duba shimfiɗar duwatsu, ra'ayina shi ne kayan aiki ne mai daraja ƙwarai, muddin ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Rajista kyauta ce. Ka buɗe asusu, ka zana yankinka a taswira, ka zaɓi Landsat Collection 2, ka sa kwanan wata, sannan ka rage gajimare zuwa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 kowanne yana komowa wuri ɗaya bayan kwana 16, su biyun a haɗe bayan kwana 8. Faɗin hoto ɗaya kusan kilomita 185 ne, cikakkensa kuma yakan kusanci gigabait ɗaya. Kowane hoto ya kasu ɓangarori masu lamba, kowanne da irin hasken da ya ɗauka. Mai tattalin data ya sauke ɓangarorin da yake buƙata kawai, ba dole sai duka ba.

Lokacin ɗaukar hoto shi ne rabin aikin. Na damina gajimare ya rufe shi, ganye kuma ya lulluɓe ƙasa. Na tsakiyar hunturu hazo kan dusashe shi, ga baƙin tabon ƙunar daji da sabon shiga kan ɗauka baƙin dutse ne. Wanda ya fi daɗin karatu shi ne na bayan girbi, a ranar da sama ta washe.

Ga mai neman ma'adinai, a hoton Landsat 8 ko 9, a yi lissafin raba lambobin ɓangare na 4 da na 2 don fito da tsatsar ƙarfe, a raba na 6 da na 7 don fito da yumɓu. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Marmara ta rufe wurare masu yawa a Arewa, ita ma cike take da tsatsar ƙarfe, don haka allo zai yi ja wur ba tare da akwai komai a ƙarƙashi ba. Kuma kowane ɗigo a hoton mita 30 ne tsawo da faɗi. Jijiyar farin dutse mai faɗin taku biyu, irin wadda masu haƙar zinariya ke bi, ba za ta taɓa bayyana ba.

Kurakurai uku ne na fi gani. Hotunan iri biyu ne: Level-1, da Level-2 wanda aka cire wa tasirin iska da hazo. Lambobin hasken da ke Level-2 sai an ninka su da 0.0000275 an cire 0.2 kafin a yi lissafi, in ba haka ba sakamakon ya karkace. Ɓangare na 8 mai ɗigon mita 15 kuwa a Level-1 kaɗai yake. Sai batun shiyyar taswira: a tsarin UTM, wanda ya kasa duniya shiyya-shiyya, Sakkwato tana shiyya ta 31, Kano 32, Maiduguri 33, tsofaffin taswirorin Najeriya kuma kan ma'aunin Minna aka zana su. In ba a mayar da su WGS84, ma'aunin da hotunan Landsat ke kai, ba, rafi zai kauce daga gurbinsa da mitoci masu yawa.

A yi hattara da hotunan Landsat 7 na bayan 31 ga Mayu 2003, domin wata na'ura ta lalace, kusan kashi 22 cikin ɗari na kowane hoto ya zama zane-zanen da babu komai.

Abin da na fi yaba wa shi ne bayanan tudu da kwari na SRTM, su ma a shafin suke, waɗanda aka auna daga kumbon sararin samaniya a Fabrairun 2000. In aka haska su a kwamfuta daga kusurwa biyu ko uku, tsagogin dutse kan fito tamkar jijiyoyin bayan hannu, kuma a ƙasar dutse nan ruwa ke taruwa. Sai dai hoto ba ya faɗin zurfi. Inda tsaga biyu suka haɗu, nan za a kai na'urar auna ƙasa da lantarki, a tabbatar kafin a kira motar haƙa.